Mai rufa-ido da juya tunani a Dungeons & Dragons: tambayoyi da amsoshi

Wannan shafi na masu buga Dungeons & Dragons ne da ke son jarumi mai sihiri wanda ba ya jifa da wuta, sai dai ya rufe wa maƙiyi ido, ya juya masa tunani, ya wuce ba a san ya zo ba. Wasa ne na tebur: kowane ɗan wasa yana riƙe da jarumi, jagoran wasa yana tafiyar da labari da maƙiya, ana jefa ɗan ludo don yanke abin da ya faru. Lissafin da ke nan na bugu na biyar ne, dokokin 2014. Inda gyaran 2024 ya taɓa wani abu mai muhimmanci, an yi masa tambaya ta musamman can ƙasa. Sunayen aji da na sihiri mun bar su yadda suke a littafi domin a same su da sauƙi.

Wane irin jarumi ne ake ƙoƙarin farfaɗowa?

Sunansa Beguiler, ya fito a littafin Player's Handbook II na shekarar 2006, zamanin bugu na 3.5. Da Basira yake sihiri, yana sa sulke mara nauyi, yana gano tarko kamar ɓarawo, yana da gwanintoci masu yawa, kuma kusan duk sihirinsa na rufa-ido ne da na mallakar tunani. Abin da ya sa ake kewarsa shi ne, idan ya yi sihiri a kan wanda bai ankara ba, tsira tana ƙara wa mutumin wuya. Bugu na biyar bai zo da wannan aji ba, saboda haka sai an harhaɗa shi daga abin da ke akwai. Abubuwa huɗu ake nema: cikakken sihiri, iya sanɗa da ƙarya, yin sihiri ba a gani ba, da ribar shammata. Babu hanya guda da ta haɗa huɗun. Dole ka zaɓi wanda za ka haƙura da shi.

To wane aji zan ɗauka?

Wanda ya fi kama da shi a ido shi ne reshen Arcane Trickster na ajin Rogue. Yana da hannun sihiri da ba a gani, mai iya zare abu daga aljihu ko buɗe kwaɗo daga nesa, kuma a mataki na 9 yana samun Magical Ambush: duk wanda ka ɓuyar wa lokacin da ka yi sihirin zai yi jifan tsirarsa, wato jifan ɗan ludon da ake kuɓuta daga sihiri da shi, da tawaya: ya jefa biyu ya ɗauki ƙaramin. Ribar shammata ke nan tsantsa. Matsalarsa jinkiri. Daraja ita ce ma'aunin ƙarfin sihiri, mataki kuma na ci gaban jarumi. Sihirin daraja ta 2 sai mataki na 7, daraja ta 3 sai mataki na 13, kuma a daraja ta 4 ya tsaya. Idan wasanku zai ƙare a mataki na 10, ba za ka taɓa riƙe Major Image ba, babban sihirin rufa-ido na daraja ta 3. Wannan ɓarawo ne mai ɗan sihiri, ba mai sihiri da ya iya sata ba.

Bard yana da cikakken sihiri da gwanintoci, da Kwarjini yake aiki, kuma shi ne mafi sauƙi ga sabon shiga. Sorcerer yana da Subtle Spell, dabarar yin sihiri ba furuci ba motsin hannu, tun mataki na 3, amma sihirin da zai iya sani kaɗan ne, mai rufa-ido kuwa yana son kaya da yawa a jaka.

Abin da muke ba da shawara shi ne mataki ɗaya na Rogue a farko, sauran duka Wizard a makarantar rufa-ido. Matakin Rogue ɗin nan yana ba ka gwanintoci huɗu, kayan buɗe kwaɗo, sulke mara nauyi, makin rai 8 maimakon 6, da ninkin ƙwarewa a gwaninta biyu. Zuba ninkin a sanɗa da yaudara. Abin da za ka biya shi ne jinkirin mataki ɗaya: abokanka masu sihiri za su kai daraja ta 3 a mataki na 5, kai sai na 6. Kada ka ƙara mataki na biyu sai ka tabbata kana buƙatar ɓuya a tsakiyar faɗa, domin kowane ƙari jinkiri ne. Ana buƙatar aƙalla 13 a Zafin nama da 13 a Basira kafin a haɗa azuzuwan biyu.

Yaya zan raba maki 27 na sayen halaye?

Basira 15 ta ci maki 9, Zafin nama 14 ya ci 7, Juriya 14 ta ci 7, Kwarjini 12 ya ci 4. Sun cika 27, Ƙarfi da Hikima sun tsaya a 8. Idan ka zaɓi jinsin gnome na daji, Basira ta koma 17, Zafin nama 15, ka sami ƙaramin sihirin rufa-ido na Minor Illusion kyauta, kuma kana da fifiko, wato jefa biyu ka ɗauki babban, a jifan tsira na Basira, Hikima da Kwarjini idan sihiri aka yi maka, wanda ke ɗan rufe raunin Hikimar nan. A mataki na 4 na Wizard ka ƙara ɗaya ga Basira, ɗaya ga Zafin nama, su zama 18 da 16. Da sulken fata mai ƙusoshi kariyarka 14 ce a farko, ta koma 15, ba tare da ka ɓata gurbin sihiri, wato ɗaya daga ƙididdigaggun damar yin sihiri da kake da su, a kan sihirin kariya na Mage Armor ba.

Me ya sa ake ta nanata lambar tsira?

Saboda sihirin juya tunani ba shi da rabi. Ƙwallon wuta ko an tsira yana ƙona rabi, Hold Person mai sandarar da mutum kuwa idan an tsira gurbinka ya tafi a banza. Lambar, wadda jifan maƙiyi zai kai kafin ya tsira, ita ce 8, a tara da ƙarin ƙwarewa, a tara da ƙarin Basira. A ginin da ke sama 13 ce a farko, ta zama 15 a mataki na 5.

Ga yadda abin yake a ƙasa. Maƙiyi mai ƙarin 1 a Hikima yana buƙatar 14 ko sama a ɗan ludo mai fuska 20 kafin ya tsira daga lamba 15. Zai faɗi sau 65 cikin 100. Idan yana da tawaya, wato ya jefa biyu ya ɗauki ƙaramin, faɗuwarsa ta kai kusan 88. Idan kuma fifiko yake da shi, ya jefa biyu ya ɗauki babban, ta sauko zuwa 42. Dubi tazarar da ke tsakanin 88 da 42, za ka gane dalilin da ya sa lokacin da aka yi sihiri ya fi sihirin kansa muhimmanci. Charm Person, sihirin da ke sa mutum ya ɗauke ka sanin arziki, idan aka yi shi bayan an zare takubba yana ba maƙiyi fifiko. Wanda aka yi kafin faɗa ba ya ba shi.

Sai kuma zaɓen inda za a buga. Yawancin sihirinka Hikima suke nema, amma Phantasmal Force Basira yake nema, kuma dodanni da yawa ba su da ita. Ogre yana da Basira 5, ragi 3 ke nan, sai ya jefa 18 kafin ya tsira daga lamba 15. Ƙaramin sihirin Mind Sliver ma Basira yake nema, kuma idan ya kama yana rage 1d4, wato jifa ɗaya na ɗan ludo mai fuska 4, daga jifan tsira na gaba, saboda haka ana share fage da shi kafin babban sihiri.

Waɗanne sihiri zan rubuta a littafina?

Wizard yana farawa da shida, yana ƙara biyu kowane mataki, kuma kwafar sihirin makarantarsa rabin kuɗi da rabin lokaci take ci: zinare 25 da awa ɗaya a kowace daraja, maimakon 50 da awa biyu. A daraja ta 1: Silent Image, Disguise Self, Charm Person, Sleep, Shield, Magic Missile. Sleep yana kwantar da makin rai 5d8, jimlar ɗan ludo biyar masu fuska 8, matsakaici 22 da rabi, wato goblin uku masu rai 7 kowanne, ba tare da jifan tsira ba. Yana da ƙarfi sosai har mataki na 3, daga nan ya fara dushewa domin ran maƙiya ya wuce shi.

A daraja ta 2: Suggestion, Phantasmal Force, Invisibility, Mirror Image, da Web. A daraja ta 3 kada ka yi jinkiri wajen ɗaukar Hypnotic Pattern. Yana kama fili mai ƙafa 30 ta kowace fuska daga nisan ƙafa 120, jifan tsira sau ɗaya tak ake yi, wanda ya faɗi ya sandare har minti ɗaya sai dai in an ji masa rauni ko wani ya girgiza shi. Ka gaya wa abokanka tun kafin faɗa kada su watsa wuta a kan waɗanda suka sandare. A bi su ɗaya bayan ɗaya. Bayansa Major Image, sannan Counterspell mai katse sihirin wani.

Ina yin rufa-ido amma maƙiya suna wucewa ta ciki kamar babu. Ina matsalar take?

A nan gizo ke saƙa. Da farko ka san dokar: Minor Illusion, Silent Image da Major Image ba su da jifan tsira a lokacin da aka yi su. Hanya biyu ce kawai ake gano su. Ko wani abu ya ratsa ta ciki, ko maƙiyi ya ba da babban aikinsa na zagayen ya yi bincike, ya kai lambar tsirarka. Ko ya gano ma, ka ci riba, domin zagaye guda ya tafi bai kai sara ba.

Amma doka ba ta tilasta wa kowa ya ji tsoron abin da ya gani. Jagoran wasa ne ke yanke abin da mai gadi zai yi, kuma yana yanke shi ne bisa abin da mai hankali zai yarda da shi. Ƙaton dodo mai fukafukai da ya ɓullo daga babu a tsakiyar ɗaki, ba ƙara, ba wari, ba iska, bayan kowa ya ga ka ɗaga hannu kana karanto kalmomi, ba wanda zai saya. Kibiya ɗaya za ta tona asirinsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma babbar ƙarya ta fi saurin kai mutum ƙarshensa.

Rufa-idon da ke aiki shi ne wanda ba ya jawo a dube shi. Ɗauki misali: ana bin ku da gudu a cikin gidan ajiya, kun sha kwana, ga lungu mai faɗin ƙafa 10 a hannun hagu. Ku shige, ka shimfiɗa Silent Image a bakin lungun da siffar bango, duwatsu iri ɗaya da na gefe, har da tabon danshi da ya ci gaba daga inda na gaskiya ya tsaya. Masu bin ku za su zo da fitila, su ga bango, su wuce. Ba wanda ke tsayawa ya shafa bango yana tsakiyar gudu. Ko kuma akwatin katako a cikin jerin akwatuna: Minor Illusion yana ɗaukar abu mai ƙafa 5 ta kowace fuska, gnome ya durƙusa a ciki ya ɓace, minti ɗaya, ba ya ko buƙatar riƙon hankali, wato ci gaba da mai da hankali a kan sihiri don kada ya wargaje.

Ka kuma kiyaye iyakar kowanne, domin a nan ake yawan yin kuskure. Minor Illusion ko hoto ko sauti, ba duka biyun ba, sai Wizard na makarantar rufa-ido da ke haɗa su daga mataki na 2. Hoton na abu ne mara rai, ba ya motsi, ba ya ba da haske. Silent Image ya kai ƙafa 15, yana motsi idan ka ba da aikinka, amma bebe ne. Major Image ne mai ƙafa 20 da sauti da wari da ɗumi. Saboda haka zaɓi abin da shirunsa ba zai zama abin mamaki ba: bango, ƙofa a rufe, rami, hazo, labule. Hazo da hayaƙi suna da wata fa'ida, tun asali kibiya tana ratsa su, sai dai wannan magana ce da za ka daidaita da jagora kafin ka dogara da ita.

Idan kana son a ji tsoro, yi amfani da abin da aka riga aka ji tsoronsa. 'Yan fashin da suka san dakarun gari na nemansu, sautin takalma da ihun umarni daga bayan kwana ya ishe su. Bincike kafin aiki rabin sihirin ne: wa suke jira, wa suke tsoro, wace murya suke bi.

Yaya zan yi sihiri a gaban mutane ba su sani ba?

Kowane sihiri yana da abin da yake buƙata: furuci, motsin hannu, ko kaya. Furucin ba raɗa ba ne, kuma wanda ya ga kana motsa yatsu a fada ya san abin da ake ciki. Sanɗa ba ta goge wannan. Hanya ta farko ita ce zaɓen sihirin da ba shi da furuci, kamar Minor Illusion da Hypnotic Pattern, a yi shi daga maɓoya. Ta biyu ita ce Subtle Spell, mai cin maki ɗaya, yana cire furuci da motsin hannu. Wizard yana samunsa ta baiwar Metamagic Adept da ta zo a littafin Tasha's Cauldron of Everything na 2020, da maki biyu kacal tsakanin dogon hutu da dogon hutu. Sau biyu ke nan a rana, a adana su.

Lura da cewa a dokokin 2014 Subtle Spell ba ya cire kaya. Charm Person, Disguise Self, Dominate Person da Modify Memory furuci da motsi kawai suke buƙata, saboda haka da shi suna ɓacewa gaba ɗaya, har Counterspell ba shi da abin da zai kama tunda sai an ga ana sihiri. Suggestion kuwa yana da kaya, dole hannunka ya taɓa jakar kayan ko sandarka. Invisibility kuma yana wargajewa da zarar ka yi wani sihiri ko ka kai hari. Greater Invisibility na daraja ta 4 ne ba ya wargajewa, amma minti ɗaya ne.

Na yi wa mai gadi Charm Person, ya kama, amma ya hana ni makulli. Ba zalunci ba ne?

Ba zalunci ba ne. Sihirin yana sa ya ɗauke ka a matsayin sanin arziki na awa ɗaya, ba zai kai maka hari ba, kuma kana da fifiko wajen lallashinsa. Bai mayar da shi bawanka ba. Mutum yana iya son ka ya kuma ƙi rasa aikinsa saboda kai. Idan awar ta cika zai san an yi masa sihiri, kuma ya san fuskarka, shi ya sa ake sa Disguise Self tukuna. Mutane da masu kama da su kawai yake kamawa, ogre ba ya ciki.

Wanda ke sa a aikata abu shi ne Suggestion, har awa takwas, da jimla ɗaya ko biyu da dole su yi kama da magana mai ma'ana. Yadda ka tsara maganar shi ne komai. "Ba ni makullin ka tafi" zai sa jagora ya ɗaga gira. Gwada haka: "Malam, wannan sanyin ya yi yawa kuma ka daɗe a tsaye, je ka ɗumama jikinka a ɗakin masu gadi har gari ya waye, ni zan riƙe maka makullin." An ba shi dalili, an ba shi wurin zuwa, an ba shi lokaci mai tsawo. Idan ka ba da umarnin da ake gamawa cikin minti biyu, sihirin ya ƙare da gamawarsa, mai gadi ya dawo. Idan kai ko abokinka ya ji masa rauni, nan ma ya ƙare.

Me zan yi da matsalar riƙon hankali?

Sihiri ɗaya mai buƙatar riƙon hankali ake riƙewa a lokaci guda, kuma kusan duk manyan kayanka irinsa ne. Kana riƙe da Suggestion a kan mai gadi, ka yi Invisibility, mai gadi ya farka. Tsara aikin tun daga waje: wane sihiri ne zai riƙe daren, sauran a cike da marasa riƙo, wato Disguise Self, Charm Person, Mirror Image, Minor Illusion. Idan aka ji maka rauni za ka yi jifan Juriya a kan 10 ko rabin raunin, wanda ya fi girma. Baiwar War Caster tana ba da fifiko, Resilient a Juriya tana ƙara ƙwarewa kuma ta fi amfani a manyan matakai. Mafi arha duka shi ne ka yi sihirin ka koma bayan ginshiƙi.

Idan maƙiyi ba ya jin mallaka fa?

Za ka gamu da su: gumakan da aka hura wa motsi, da yawa daga cikin matattu masu yawo, da elf masu fifiko a kan mallaka waɗanda sihiri ba ya sa su barci. Phantasmal Force ba ya kama matattu da gumaka. Mai gani na haƙiƙa yana ratsa rufa-ido, mai ji da jiki ba da ido ba bai ma san ka yi hoto ba. Manyan dodanni kuma suna da ikon mayar da faɗuwa tsira, galibi sau uku a rana. Saboda haka cikin sihirin da ka shirya kowace safiya, bar biyu ko uku da ba ruwansu da tunani: Web, Magic Missile, ko Haste a kan mai takobinku. A gaban babban dodo, ka cinye masa ikon nan da ƙananan sihiri kafin ka fito da mai tsada.

Me ya kamata mu daidaita da jagora kafin a fara?

Wannan zaman ya fi duk wani lissafi da ke sama tasiri. Tambaye shi: yaushe maƙiyi zai tsaya binciken rufa-ido, kullum ko sai ya ga abin shakka? Daga wane nisa ake jin furucin sihiri? Abokin da aka gaya wa cewa hoto ne, yana gani ta ciki? Kibiya ta ratsa hazon ƙarya, asiri ya tonu ko bai tonu ba? Kowace amsa ya bayar ana iya wasa da ita, muddin ba za ta sauya daga mako zuwa mako ba. Ku kuma yarda cewa ba za a yi wa jarumin wani ɗan wasa sihirin mallaka ba sai da izininsa, domin ƙwace wa mutum jaruminsa yana ɓata zama. Idan za ka shiga leƙen asiri, ja abokanka ciki da Invisibility ko Seeming, kada su zauna rabin awa suna kallonka kai kaɗai.

Me gyaran 2024 ya sauya?

Reshe yanzu a mataki na 3 ake ɗauka. Illusionist, wato Wizard na makarantar rufa-ido, yana yin duk sihirin rufa-ido ba tare da furuci ba, wanda ya rage buƙatar Subtle Spell sosai. Makarantar juya tunani ba ta cikin rassa huɗu na Wizard a sabon littafin 'yan wasa. Arcane Trickster ya daina ɗaure da makarantu biyu. Sleep ya koma mai jifan tsira. Suggestion kalma 25 ne iyakarsa, kuma sharaɗin ya zama abin da za a iya aikatawa. Ƙarin halaye daga asalin rayuwar jarumi yake zuwa, ba daga jinsi ba, saboda haka lissafin gnome na sama sai an sake shi. Goblin kuma a sabon littafin dodanni na 2025 ya bar sahun mutane, Charm Person da Hold Person ba sa kama shi.

Ginin yana riƙe ƙarfinsa a manyan matakai?

Yana riƙewa, musamman a dokokin 2014. A mataki na 6 na Wizard kana iya sauya siffar rufa-idon da ke tsaye da aiki ɗaya muddin kana ganinsa. Major Image da aka yi da gurbin daraja ta 6 yana zama har sai an warware shi, ba riƙon hankali, kuma idan ka haɗa shi da ikon sauyawar nan ka sami hoto guda da zai zama bango yau, gobe ƙofa. Mass Suggestion yana kama mutum goma sha biyu na awa 24, shi ma ba riƙo. A mataki na 14 na Wizard sai Illusory Reality: cikin rufa-idon daraja ta 1 ko sama, ka zaɓi abu ɗaya mara rai mara sihiri ya zama na gaske tsawon minti ɗaya. Silent Image na gurbin daraja ta 1 ya isa ya ba ka tsani a jikin ganuwa ko ƙofar ƙarfe a bakin lungu. Abin ba zai iya ji wa kowa rauni ba, kuma minti ɗaya zagaye goma ne, saboda haka a ƙirga su kafin na ƙarshe ya hau tsanin.